Ina Gaban Gawo Yake? Harshe, Ido da Tunanin Wuri a Binciken Zamani

Akwai tambayoyin da mai harshe ba ya yi wa kansa, domin amsarsu ta zauna masa a baki tun yana goye. Ɗaya daga cikinsu ita ce: ina ne gaban itace? Mutum yana da gaba, saboda nan idanunsa da bakinsa suke. Jaki yana da gaba, amalanke ma haka, tunda an san inda suke dosa. To amma gawo fa? Gonakin gero na ƙasar Matamaye, a gundumar Kance ta jihar Damagaram, cike suke da gawo, kuma babu ko ɗaya da yake da goshi ko ƙeya. Duk da haka manomi kan ce da ɗansa, “Akuyar tana can gaba da gawo,” yaron ya miƙe ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba. Wane gefe ya nufa?

Ya nufi wancan gefen, wato sai ya wuce itacen kafin ya tarar da akuyar. Da Bafaranshe ne ya yi maganar da kalmarsa ta “devant”, to wannan gefen yake nufi, tsakanin mai magana da itacen. Abu ɗaya ne idanun mutanen biyu suka gani, amma abin da ɗaya ya kira gaba shi ne ɗayan ya kira baya. Wannan ɗan bambanci ya sa sunan Hausa ya shiga manyan littattafan kimiyyar harshe da na ilimin halayyar ɗan Adam, kuma har yau ana ambatonsa a muhawarar da ake yi kan ko harshe yana da hannu a yadda mutum yake gani, yake mayar da hankali, yake kuma tunawa.

Madubi da ayari

A shekarar 1973 masanin halayyar ɗan Adam Herbert Clark, na ƙasar Amurka, ya yi bayanin dalilin da ya sa mai jin Ingilishi yake ɗaukar gefen da ke kusa da shi a matsayin gaban abu. A cewarsa, haɗuwa ta asali tsakanin mutane ita ce ta fuska da fuska. Saboda haka idan mutum ya tsaya yana kallon abin da ba shi da fuska, sai ya ara masa fuska, ya ɗauka abin yana kallonsa kamar abokin hira. Bayanin ya yi armashi, har aka riƙa ɗaukarsa tamkar ɗabi'ar kowane ɗan Adam.

Clifford Hill, malami a Jami'ar Columbia da ke New York, shi ya nuna cewa ba haka abin yake ba ko'ina. A rubuce-rubucensa na shekarun 1970, da kuma wata doguwar maƙala ta 1982 inda ya kwatanta Hausa da Ingilishi, ya nuna cewa Bahaushe ma yana ara wa abu fuska, sai dai ba ya juyo da ita wajensa. Yana ɗauka abin ya sa gaba inda shi ma ya sa gaba, kamar dai su biyun suna cikin ayari guda. Bari a ɗauka an aje ƙwarya a tsakiyar tabarma, mai magana yana zaune a gefe ɗaya:

(1) Lemo yana gaba da ƙwarya.
(2) Lemo yana baya da ƙwarya.

A jimla ta (1) lemon ya fi ƙwaryar nisa da mai magana. A jimla ta (2) yana tsakaninsa da ita. Ana iya kiran wannan tsarin ayari, na Clark kuwa tsarin madubi, domin surar da ke cikin madubi ita ce take fuskantar mai kallo.

Abin da ya fi jan hankali a aikin Hill, wanda masu taƙaita shi kan manta, shi ne cewa Bahaushe ba ya manne wa tsarin ayari a kowane hali. Idan abin da ake dogaro da shi ya kāre abin da ake kwatancensa, har ido ba ya ganinsa, sai magana ta juya. Yaron da ya laɓe a wancan gefen gawo, kututture ya rufe shi, ba za a ce yana gaba ba, sai a ce yana bayan gawo, daidai da yadda Bature zai ce. Shi ma Baturen yakan bar madubinsa idan motsi ya shigo: idan abubuwa biyu suna tafiya suna nisantarsa, wanda ya fi nisa shi yake kira na gaba. Ke nan kowane ɗaya daga cikin harsunan biyu yana da tsarin duka biyu. Inda suka rabu shi ne wanda ake ɗauka idan babu motsi, babu kuma ɓuya.

Wannan magana tana da nauyi ga mai nazarin tsinkaye. Kafin Bahaushe ya zaɓi “gaba” ko “baya”, dole idonsa ya riga ya yanke hukunci a kan wani abu: abin nan a bayyane yake ko a ɓoye? Ba ya sanin ya yi wannan lissafi, amma kalmar da ta fito daga bakinsa shaida ce cewa ya yi shi. Hill ya kuma lura cewa ɗaliban makarantun sakandare masu harshe biyu sukan ɗauki tsarin ayari su shiga da shi cikin harshen Turawa, su yi amfani da kalmar baƙo da ma'anar gida.

Matsayin Hausa a taswirar masana

Stephen Levinson, na Cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da tunani a garin Nijmegen na ƙasar Holan, ya tattara binciken ƙungiyarsa a wani littafi na 2003, inda ya raba hanyoyin kwatancen wuri zuwa ma'aunai uku. Akwai ma'aunin abu, inda ake dogaro da gaban abin da kansa, kamar “gaban mota”. Akwai ma'aunin mai kallo, inda dama da hagu da gaba da baya suke fitowa daga jikin mai magana. Akwai kuma ma'aunin duniya, wato gabas da yamma, kudu da arewa, ko gangare da tudu. Madubi da ayari duk rassa ne na ma'aunin mai kallo, kuma akwai reshe na uku, na juyi, inda mai magana yake juya abin gaba ɗaya ya fuskance shi, har damarsa ta koma hagun abin. A ayari gaba tana nesa, dama tana dama. A madubi gaba tana kusa, dama tana dama. A juyi gaba tana kusa, dama ta koma hagu.

Shekara da shekaru Hausa ce misalin da ake kawowa duk lokacin da aka zo kan reshen ayari, kamar wata baƙuwar tsuntsuwa da ake nuna wa ɗalibai. Wannan kallo ya fara rushewa da Giovanni Bennardo ya sami irin tsarin a harshen tsibiran Tonga. Daga nan, a 2015, Sieghard Beller da Andrea Bender da abokan aikinsu suka gwada masu jin Jamusanci, da Ingilishin Amurka, da Sinancin Mandarin, da harshen Tonga, da hotunan ƙananan abubuwa a jere. Suka tarar cewa idan aka haɗa amsoshin duka, tsarin ayari bai gaza na madubi yawa ba, kuma ko a cikin harshe ɗaya mutane suna saɓa wa juna. Ashe ba Hausa ce ta fita daban ba. Masu binciken ne suka daɗe suna auna duniya da mudun gidansu.

Shin abin ya wuce baki?

Nan ne rigimar take. Cewa harsuna sun bambanta wajen kwatance, wannan ba mai musu. Tambayar ita ce ko bambancin yana bin mutum har inda ba ya magana.

Ƙungiyar Levinson ta ƙirƙiro wani gwaji mai sauƙi. Ana jera wa mutum ƴan dabbobin roba uku a kan tebur, dukkansu suna fuskantar gefe ɗaya, a ce ya haddace. Sai a juya shi ya ba teburin baya, a kai shi wani tebur, a ba shi dabbobin a ce ya jera su yadda ya gani. Idan da suna fuskantar damarsa, wadda kuma ita ce arewa, yanzu damarsa ta zama kudu, dole ya zaɓi ɗaya. Mutanen Holan suka riƙa bin damarsu. Masu jin harshen Tzeltal na Tenejapa a ƙasar Meziko, waɗanda suke kwatance da tudu da gangare ko a kan faifan abinci, suka riƙa bin duniya. Levinson ya ce harshe ne ya horar da ƙwaƙwalwa: wanda kullum zai faɗi inda arewa take, dole ya riƙa ajiye arewa a ransa.

Peggy Li da Lila Gleitman ba su yarda ba. A 2002 suka yi gwajin da ɗaliban Jami'ar Pennsylvania, duk masu jin Ingilishi. Da aka ɗage labulen taga, ko aka fita da su fili, ko aka aje wata ƴar alama a gefen teburin, da yawa daga cikinsu suka koma bin duniya. A ganinsu, abin da ido yake samu a muhalli shi ne jagora, harshe biye yake. Levinson da mutanensa suka mayar da martani a shekarar, suna cewa an sauƙaƙa gwajin har ya daina auna abin da aka shirya shi dominsa.

A 2006 Daniel Haun da abokansa suka shigo da wata hujja daga inda ba a zata ba. Sun gwada manyan birai a gidan namun daji na Leipzig, da yaran Jamus ƴan shekara 4, suka ga duka ɓangarorin sun fi karkata ga dogaro da muhalli. Manya da yaran makaranta na Holan kuwa sun bi jikinsu, alhali takwarorinsu na ƙabilar Hai||om a Namibiya sun bi duniya. Fassarar da suka yi ita ce ɗan Adam yana tasowa da karkata ga muhalli, al'ada da harshe su ne suke ƙarfafa wannan karkata ko su danne ta.

Binciken da ya fi kusa da yau ya ƙara dagula lissafin. Benjamin Pitt da abokan aikinsa sun wallafa a 2022 abin da suka samu wajen mutanen Tsimane na ƙasar Boliviya: mutum ɗaya, a zama ɗaya, yakan bi duniya idan abubuwan suna jere dama da hagu, ya bi jikinsa idan suna jere gaba da baya, kuma haka abin yake a maganarsa da a tunawarsa. Dalilin da suka kawo na jiki ne. Gaba da baya a bayyane suke, ido yana ɗaya ba ya ɗayan, amma dama da hagu kusan tagwaye ne, rarrabe su sai da horo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fama da yaro kafin ya san hannun cin tuwo ba zai yi mamakin wannan ba.

Ta fuskar mayar da hankali kuwa, Anna Papafragou da abokanta sun bi motsin idon masu jin Girkanci da masu jin Ingilishi a 2008, suna kallon gajerun hotuna masu motsi. Idan an ce za su ba da labarin abin da suka gani, idanunsu sukan rabu tun daƙiƙar farko, kowa ya nufi ɓangaren da aikatau na harshensa yake buƙata. Idan kallo kawai suke yi, idanun sukan bi hanya ɗaya. Wannan ya dace da ra'ayin Dan Slobin na “tunani domin magana”, wato harshe yana jan akalar hankali a lokacin da ake shirin furuci. Shi ne matsayin da hujjojin da ke hannu suka fi ɗauka ba tare da an matsa musu ba, kuma ya ishi mai nazarin Hausa abin aiki.

Sai dai a lura: gwajin tebur biyu ba ya iya raba ayari da madubi, domin su biyun daga jikin mai kallo suke fitowa. Bahaushe da Bafaranshe suna iya jera dabbobin iri ɗaya, alhali sun saɓa a kan ina gaban ƙwarya yake.

Magabata da ƴan baya

Hoton ayari bai tsaya ga wuri ba, ya shiga lokaci. Bahaushe yana cewa “nan gaba” yana nufin abin da bai zo ba, yana cewa “a baya” yana nufin abin da ya wuce. Amma kuma “gabanin sallah” kafin sallah ne, “bayan sallah” kuwa sai ta wuce. Kakannin da suka rasu su ne magabata, jikokin da ba a haifa ba su ne ƴan baya. Mai koyon Hausa yakan ga kamar an yi tufka da warwara. Ba a yi ba. A kashi na farko mutum ne yake tafiya, abin da zai tarar yana gabansa. A kashi na biyu zamunna da al'ummomi ne suke jere kamar raƙuman fatake, wanda ya riga fita yana gaba, wanda ya makara yana baya, kuma babu mai fuskantar wani.

Masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa abin da baki yake faɗa game da lokaci ba lallai ya zama abin da hannu yake nunawa ba. A 2014 Juanma de la Fuente da abokansa sun ba mutanen Maroko zanen mutum da akwati ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa, suka ce su sanya abin da ya faru jiya da wanda zai faru gobe. Larabcinsu yana sanya gobe a gaba, amma mafi yawansu jiya suka sanya a gaba, saɓanin matasan Sifaniya. Tsofaffin Sifaniya ma sun fi matasansu sanya jiya a gaba. Masu binciken suka ce abin da al'umma ta fi mayar da hankali a kai, shi take ajewa a gabanta. Al'ummar da take kiran kakanninta magabata ta cancanci a yi mata wannan tambaya.

Abin da ya shafi aji

A 2010 Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan suka ja kunnen masana da cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun ilimin halayya sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. A 2022 Damián Blasi da Asifa Majid da wasu suka ƙara da cewa dogaro da Ingilishi kaɗai yana gurgunta kimiyyar tunani. Wannan ƙorafi ba na ɗakunan taro ba ne kawai. Yana da ƙafa har cikin ajin firamare.

A ɗauki yaro a Matamaye da aka ba takarda mai hoton itace, aka ce da Faransanci ya zana ƙwallo a gabansa. Ya fahimci kalmar sarai, ya fassara ta a ransa, ya zana ƙwallon a wancan gefen. Malami ya ja masa jan biro. Abin da aka auna a nan ba kaifin basirarsa ba ne, ba kuma saninsa da kalmar ba, an auna ne ko ya bar ayari ya koma madubi, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa akwai hanyoyi biyu. Haka duk wani gwajin fahimta da aka fassaro daga waje, na yara ko na masu cutar shanyewar jiki da maganarsu ta taɓu, muddin yana da tambayar gaba da baya a kan abu marar fuska, yana iya mayar da amsa daidai ta zama kuskure.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da harshen gida. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a birnin Zinder, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake fasalin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Littattafan lissafi da na sanin muhalli za su ƙaru da Hausa. Idan mai fassara ya ɗauki “devant” ya sa “gaba” ya bar hoton yadda yake, ya rubuta Hausa da idon Faransa, kuma yaron da ya fi kowa jin harshensa shi zai fi faɗuwa.

Yankin Matamaye yana da abin da mai bincike yake nema. Bill Palmer da Jonathon Lum da abokansu sun nuna a 2017 cewa a tsibiran Maldibs masunta sun fi masu aikin cikin ɗaki amfani da ma'aunin duniya, alhali harshensu ɗaya, wato sana'a da muhalli suna da nasu rabo. Hausa tana riƙe da ma'aunan uku a lokaci guda: iyakar gona da gabas da yamma ake faɗarta, alƙibla tana tuna wa mutum kusurwa sau biyar a yini, kwatancen hanya kuma cike yake da “gaba da” da “hannunka na dama”. A gari ɗaya ga manomin rake na fadamar Korama, ga ɗan kasuwar da yake zirga-zirga zuwa Daura da Kano yana gogayya da Ingilishi, ga ɗalibin da ya yi shekara goma cikin Faransanci, ga almajirin allo da ya saba karatu daga dama zuwa hagu. Kayan aikin ba su wuce tabarma da ƙwarya da lemo ba.

Wanda zai yi aikin yana bukatar ya kiyaye wasu abubuwa. Kada ya yi amfani da abin da yake da baki ko hannu, kamar buta ko moɗa, domin nan take mai amsa zai koma ma'aunin abu. Ya guji gine-gine, tunda “bayan gida” da “bayan gari” sun riga sun daskare da ma'anarsu, masallaci kuma yana da gaba biyu, ta masu sallah a ciki da ta mai shigowa daga ƙofa. Ya gwada lemon a bayyane, ya sake gwada shi a ɓoye. Ya yi wa mai harshe biyu tambayar da Hausa yau, da Faransanci wata rana, ba a zama ɗaya ba. Sannan ya raba “gaban ƙwarya” da “gaba da ƙwarya” a takardarsa, kowanne da layinsa. Na farko yana ɗauke da ɗafin mallaka, kamar gabar ta ƙwaryar ce, na biyu kuwa ginin kwatanci ne irin na “nesa da” da “kusa da”, kuma kunnen Bahaushe ba ya jin su a matsayin abu ɗaya.